YABON MAMACI DA AMANAR SULHU: DARASI DAGA ƘARAYE ZUWA YAMAI

Wannan shi ne matanin jawabin da aka gabatar wa 'yan'uwa a Jajaye, cikin ƙaramar hukumar Rogo ta Jihar Kano. Mun kawo shi gaba ɗayansa saboda muhimmancin abin da ya ƙunsa.

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya cika alƙawari cikin alamomin imani, ya kuma sanya yaudara cikin alamomin munafunci. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Mas'alar da muka taru a kanta yau mas'ala ce wadda mai kallo daga nesa zai ce ta manya ce, ta mutanen Abuja da Yamai, ba ruwan manomin Jajaye da ita. Insha Allahu kafin mu tashi za mu ga cewa ruwansa ne tsundum, kuma ƙasar nan da muke zaune a kanta tana da tsohon labari a cikinta.

A ranar 13 ga Yuli, 2025, Allah ya karɓi ran tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a Landan, aka yi masa sutura a Daura ranar 15 ga watan. Cikin waɗanda suka halarci jana'izar har da Firayim Ministan Jamhuriyar Nijar, Ali Lamine Zeine, da tsohon shugaban ƙasar, Muhammadu Isufu. Wannan kuwa ya faru ne shekara biyu kacal bayan da ƙasashen nan biyu suka kai bakin gaɓar yaƙi. A cikin watan ne kuma Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai suka keɓe zama domin juyayi da ambaton alheransa, 'yan majalisa suka riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna jawabi. Muna roƙon Allah ya gafarta masa, ya gafarta wa dukkan mamatanmu. Tambayar da muke so mu tsaya a kanta ita ce: idan an gama jawabi, an naɗe tabarma, me ya rage a wuyan masu yabon?

YABON DA KE DA NAUYI

Shari'a ba ta hana ambaton alherin mamaci ba, hasali ma ta hana zaginsa, domin ya riga ya isa ga abin da ya gabatar. Abin da ta ƙi shi ne wuce gona da iri, da yabon da ba gaskiya a cikinsa. Amma magabata sun nuna mana wani mataki da ya fi kyawun lafazi. Bayan wafatin Manzon Allah (SAW), da dukiya ta iso Madina daga Baharain, Sayyidina Abubakar (RA) ya sa aka yi shela cewa duk wanda Annabi ya yi wa alƙawari, ko yake bin sa bashi, ya zo. Jabiru ɗan Abdullahi (RA) ya zo ya faɗi alƙawarin da aka yi masa, Abubakar ya cika masa nan take. Ba wanda ya kai Abubakar son Annabi, ba kuma wanda ya fi shi iya ambaton darajarsa, amma ga inda ya kai ƙaunarsa: ya ɗauki alƙawarin wanda ya tafi ya mai da shi bashi a kansa.

Wannan shi ne ma'aunin da muke so mu auna zaman juyayin majalisu da shi. Shugaba idan ya mutu yakan bar yarjejeniyoyi da ya sa wa hannu da sunan al'umma, da ayyukan da ya fara bai ƙarasa ba, da kuma kurakuran da ya kamata na baya su kauce musu. Marigayi Buhari ya aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairu na 2021, mai tsawon kilomita 284, wanda aka tsara ya ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ya kuma rasu aikin bai kammala ba. A ɗaya ɓangaren, a zamanin mulkinsa na soja aka rufe iyakokin ƙasa a 1984, a zamanin mulkinsa na farar hula kuma aka sake rufe su daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, talakawan ɓangarorin biyu suka ɗanɗana kuɗarsu. Faɗin wannan ba zagin mamaci ba ne, domin manufar gwamnati ake aunawa, ita kuwa ba ta shiga kabari tare da mai ita. Ɗan majalisar da ya yi yabo da gaskiya, wajibinsa ne ya bi sawun alherin har ya tabbata, ya kuma tsaya kada a maimaita abin da ya cutar da jama'a.

ABIN DA ƘARAYE TA GANI

Ya 'yan'uwa, mu waiwaya gida. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa aka fara gwabza yaƙi tsakanin Kano da Katsina, gaba ta yi ta tashi tana kwanciya har tsawon zamanin sarakuna da dama. Ƙaraye, da yake tana fuskar yamma, ita ta zama sansani. A zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, wanda ya yi sarauta daga 1618 zuwa 1623, Wambai Giwa ya tare a Ƙaraye yana kai wa ƙasar Katsina hari daga can. Sarki Kutumbi, duk da ƙarfinsa da yawan dawakinsa, a sanadin yaƙin Katsina ya rasu a 1648. Musulmi ne a nan, Musulmi ne a can, harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, amma takobi bai koma kube ba.

Sai a zamanin Sarki Shekarau, tsakanin 1649 da 1651, aka ƙulla sulhu. Su wa suka ƙulla shi? Malamai ne. Littafin ya ambaci sunayensu, na gabansu shi ne Shehu Ataman, ya kuma nuna cewa Shehun ya ɗaure sulhun da kashedi mai tsanani a kan duk ɓangaren da ya fara ta da fitina. Abin da barade suka kasa da mashi, Allah ya nufa masu allo da tawada suka yi shi. Ba a jima ba kuwa Kwararrafa suka kawo wa ƙasar Hausa farmaki, ya bayyana ga kowa cewa 'yan'uwan da suka raunana juna sun share wa maƙiyi na waje hanya ne.

Wanda yake son ya san ɗacin zama a bakin iyaka ba aminci, ya tambayi tarihin Zarewa, nan kusa da mu. Wata dattijuwa da ta tashi a wannan yanki, wadda aka buga labarin rayuwarta a 1954 da sunan Baba ta Karo, ta ba da labarin yadda mahara ke faɗa wa ƙauyuka su kwashe mata da yara, dangi su yi ta haɗa dukiyar fansa. Yau Rogo tana iyaka da Jihar Katsina da Jihar Kaduna, muna cin kasuwannin juna, muna aurayya, yaro ya hau babur ya ƙetare bai ma san ya ƙetare ba. Wannan ni'ima ba daga sama ta faɗo haka kawai ba. Wasu ne suka ƙulla, wasu suka kiyaye.

IYAKAR DA BA MU MUKA SHATA BA

Abin da ke tsakanin Kano da Katsina jiya, shi ne ke tsakaninmu da Nijar yau. Bayan jihadi, zuriyar tsofaffin sarakunan Katsina suka kafa Maraɗi, har yanzu kuwa sarautar garin Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce mata. Daga baya Ingila da Faransa suka zauna a Turai suka raba ƙasar a takarda, cikin yarjejeniyoyin 1890 da 1898 da 1904 da 1906, sannan jami'ansu suka bi daji suna kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Layin ya raba gona da mai ita, ya raba wa da ƙane. Yau iyakar ta kai kimanin kilomita 1,500, ta taɓa jihohi bakwai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno.

Shugabannin farko sun gane cewa Bature ya raba ƙasa amma bai raba maslaha ba. A lokacin yaƙin basasar Nijeriya, Shugaba Jori Hamani ya tsaya tare da haɗin kan ƙasar nan, ya kuma karɓi baƙuncin zaman neman sulhu a Yamai cikin Yulin 1968. A 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. A 1990 kuma suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su bisa adalci.

Wannan yarjejeniya ta ƙarshe ta shafe mu kai tsaye. Ruwan da ake tarewa a madatsar Chalawa da ke Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, idan aka sake shi yakan haɗu da kogin Kano, ya zama kogin Haɗeja, ya gangara ya shiga kogin Yobe, shi kuwa kogin Yobe a ƙarshensa shi ne iyaka tsakanin Nijeriya da jihar Difa ta Nijar, kafin ya zuba a tafkin Cadi. Ashe mai noman tattasai a Difa yana da rabo a ruwan da ke wucewa ta bayan gidanmu. Haka nan hatsin da ke tashi daga gonakinmu zuwa kasuwar Dawanau, wani sashensa Maraɗi da Damagaram yake nufa, dabbobi da wake da kanwa kuma su gangaro mana ta Maigatari da Mai'aduwa da Jibiya da Illela. Maƙwabtaka ce ta ruwa da abinci, irin wadda Manzon Allah (SAW) ya tsananta wasiyya a kanta.

DAMINAR 2023

Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka kifar da gwamnatin Shugaba Muhammadu Bazum suka tsare shi, Janar Abdurrahman Tchiani ya hau. Ranar 30 ga watan ƙungiyar ECOWAS ta zauna a Abuja ta ƙaƙaba takunkumi, ta ba sojojin mako guda su mai da mulki, in ba haka ba ta ce tana iya amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, alhali a wancan lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga nan take zuwa. Manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin iyaka kaya na ruɓewa, magani ya yi wuya, abinci ya yi tsada a can da nan.

A nan ne majalisa ta yi abin da ya fi jawabi dubu. Sanatocin Arewa suka fito suka nuna ba su yarda da yaƙi ba, suna tunatarwa cewa jihohin bakin iyaka su za su fara ƙonewa. Ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta yi zaman sirri, ta fito ta shawarci shugaban ƙasa da sauran shugabannin ƙungiyar su ƙarfafa hanyar siyasa da tattaunawa. Wannan murya tana da nauyi, domin sashe na 5 na tsarin mulkin 1999 ya hana shugaban ƙasa shelanta yaƙi da wata ƙasa ba tare da amincewar majalisun biyu a zaman haɗin gwiwa ba, ya kuma shardanta izinin Majalisar Dattawa kafin a tura soja fagen fama a waje.

Duk da haka wutar ba ta mutu ba, domin ranar 10 ga Agusta ƙungiyar ta ba da umarnin a shirya rundunar ko-ta-kwana. Tawagar farko ta Janar Abdussalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ta je Yamai ta dawo ba ta ga shugaban sojan ba. Ranar 9 ga Agusta Muhammadu Sanusi na Biyu, tare da Sarkin Damagaram, ya samu ganawa da shi. Ranar 12 ga Agusta tawagar malaman Nijeriya ƙarƙashin jagorancin Shaihu Abdullahi Bala Lau ta zauna da shi, ta dawo da albishir cewa ƙofar tattaunawa a buɗe take. Mako guda bayan haka tawagar Janar Abdussalami ta koma, aka karɓe ta. Shekara kusan 370 bayan Shehu Ataman, sai ga malamai sun sake shiga tsakanin 'yan'uwa biyu.

Ranar 24 ga Fabrairu, 2024, ƙungiyar ta janye takunkumin, a watan Maris kuma ƙasashen biyu suka buɗe iyakarsu. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba, alhamdu lillahi. Kada wani ya fahimci cewa hana yaƙi yarda ce da ƙwace mulki da bindiga, ko da tsare mutum ba shari'a. Abin da muke cewa shi ne, ba a gyara ɓarna da ɓarnar da ta fi ta, kuma jinin Musulmi ba abin caca ba ne.

YADDA SULHU KE WARWAREWA

Kashe gobara daban, tsare gida daga tartsatsi daban. Nijar da Mali da Burkina Faso sun ba da sanarwar ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. A lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin jama'a da kayansu suna shige da fice kamar da, har sai an ga abin da hali ya yi. Ma'ana, zirga-zirgar da kakanninmu suka gada ta koma rataye a kan sanarwar wucin gadi. A Disambar 2024 shugaban sojan Nijar ya yi hira da harshen Hausa ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa, gwamnatin Nijeriya ta musanta. A Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Nijeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je Yamai ya zauna da takwaransa domin dinke ɓaraka. Sulhu ne mai rai, amma jariri ne, yana buƙatar goyo.

Sira ta koya mana ta inda ɓaraka ke shigowa. A shekara ta 6 bayan Hijira aka ƙulla sulhun Hudaibiyya na shekara goma. Tun tawada ba ta bushe ba Abu Jandal (RA) ya iso cikin mari yana neman mafaka, zukatan sahabbai suka ƙuntata, amma Annabi (SAW) ya mai da shi saboda sharaɗin da aka riga aka amince da shi, ya umarce shi da haƙuri. Haka ake riƙon alƙawari ko da yana da ɗaci. To ta ina sulhun ya karye? Ba shugabanni ne suka zauna suka soke shi ba. Ƙabilar Banu Bakar, abokan ƙawancen Ƙuraishawa, su suka kai wa Huza'a hari da dare a bakin wani ruwa, wasu Ƙuraishawa suka taimaka musu da makamai a ɓoye. Da Abu Sufyan ya garzaya Madina neman gyara, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Sulhun shekara goma bai cika biyu ba.

Mu lura da kyau: daga gefe aka fara, da hannun ƙananan mutane, da sakacin manya. Su wane ne Banu Bakar na zamaninmu? Su ne masu safarar bindigogi ta dazuzzukan iyaka, da ɓarayin daji da suka kori dubun dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa gudun hijira a jihar Maraɗi tun daga 2019, inda 'yan'uwanmu na can suka karɓe su. Su ne masu tare hanya suna tatsar fatake da sunan aikin hukuma. Su ne kuma masu zama da waya a hannu suna yaɗa jita-jita a Facebook da WhatsApp, yau a ce an ga sansanin sojan waje a wuri kaza, gobe a ce mutanen ƙasa kaza ne ke kawo mana ta'addanci, ba hujja ba bincike, alhali Suratul Hujurati ta umarce mu da tantance labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Ga wakilanmu, musamman mai wakiltar Ƙaraye da Rogo a Majalisar Wakilai da sanatan da ke wakiltar yankinmu, muna kira da girmamawa. Sashe na 12 na tsarin mulki ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka a nan sai majalisa ta mai da ita doka, kuma kuɗin kowane aiki ta hannunku yake bi. Ku tambayi inda aka kwana a kan layin dogon Maraɗi. Ku tambayi halin da hukumar haɗin gwiwa ta 1971 take ciki, da yadda ake aiki da yarjejeniyar ruwa ta 1990. Ku nemi a rubuta 'yancin zirga-zirgar jama'a cikin yarjejeniya tabbatacciya tsakanin ƙasashen biyu. Gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun taɓa zuwa Maraɗi a 2019 suka zauna da gwamnanta kan tsaro. Ku matsa irin wannan zama ya ɗore. Idan kuka yi haka, yabonku ga mamata ya zama gaskiya.

Ga iyayenmu malamai, kada shiga tsakani ya tsaya ga ranar tashin hankali. An ruwaito cewa Mu'awiya (RA) yana da yarjejeniya da Rumawa, sai ya tasar wa iyakarsu da runduna domin ya afka musu da zarar wa'adi ya cika. Sahabi Amru ɗan Abasa (RA) ya sukwano a kan doki yana tunatar da shi koyarwar Annabi a kan cika alƙawari da haramcin yaudara, Mu'awiya ya juya da rundunarsa. Mutum ɗaya mai ilimi da ƙarfin zuciya ya mai da runduna gida. Ziyara tsakanin malaman nan da na Maraɗi da Damagaram da Tawa, da huɗubar da ke koya wa jama'a haƙƙin maƙwabci, garkuwa ce da ba a saye da kuɗi.

Ga mu kuma talakawa, namu ya fi kusa. Baƙon da ya zo cin rani daga Arewa, da almajirin da ya zo neman karatu, da makiyayin da ya ratso da dabbobinsa, kowannensu zai koma gida da labarin yadda muka riƙe shi, wannan labari kuwa ya fi takardar jakada tafiya. Wanda ya yi laifi a kai shi gaban hukuma da sunansa, kada a jingina laifinsa ga ƙasarsa ko ƙabilarsa. Saƙon da ba mu san asalinsa ba, ya mutu a wayarmu. Idan kuma masu neman ƙuri'a suka zo, mu tambaye su abin da suka yi wa zaman lafiyar iyaka, kada mu tsaya ga abin da suka faɗa a ranar ta'aziyya.

Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umartar muminai su cika alƙawura, ya kuma gaya mana a Suratul Isra'i cewa alƙawari abin tambaya ne. Ƙaraye ta taɓa zama sansanin yaƙi, yau ruwanta ke shayar da gonaki har bakin iyaka. Mu za a tambaya a kan abin da muka yi da wannan amana.

Muna roƙon Allah ya zaunar da Nijeriya da Nijar lafiya, ya haɗa zukatan shugabanninmu a kan gaskiya, ya kare mu daga fitina ta fili da ta ɓoye, ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da imani. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa.